A cire sista guda daga rosta ta koma koyar da mu kawai, riba ce ko asara?

'Yar Wunti

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, barkanmu da aiki. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a nan cikin Bauchi, shekarata 6 a wod ɗin mata, akwai maganar da ta raba kanmu biyu tun satin da ya wuce shi yasa na ce bari na kawo ta nan ko zan dace da waɗanda suka taɓa gani da idonsu.

Shugabar sashen jinya ce ta tara mu ta ce tana so a cire wata babbar sista daga rosta, wato jadawalin duti, gaba ɗaya, ba dutin safe ba na yamma ba na dare, aikinta kawai ta riƙa bin wod wod tana koyar da mu, in an ɗauki sabbin ma'aikata ita za ta karɓe su ta zauna da su har su kama hanya, in an kawo sabon inji ta fara koya sannan ta koyar, in kuma an yi kuskure ta bi diddigi ta gano inda aka kauce. Ni kam zuciyata biyu wlh. Ranar da nake nait mu biyu ne rak a wod ɗin da gado ya kusa 30, kuma wannan sistar da ake magana ita ce wadda in jijiya ta ɓuya an soka an soka an rasa ake aikawa a kira, cire ta daga duti ba ƙaramin giɓi ba ne a gurinmu. Amma kuma ga wani abu da yake damuna, akwai injinan oksijin da aka kawo mana gudummawa sun fi wata huɗu a sito cikin kwalinsu saboda wanda aka nuna wa yadda ake amfani da su an yi masa canjin gurin aiki, sannan kwanaki na tarar da wata ƙanwarmu sabuwar ɗauka ta sa ledar ruwa tana gudu kamar famfo a jikin tsohuwa mai ciwon zuciya, da na tambaye ta ɗigo nawa ta lissafa a minti sai idonta ya ciko, ta ce tun da ta zo ba wanda ya taɓa tsayawa ya nuna mata, kuma tana tsoron tambaya kar a ce ba ta iya komai ba. Allah Ya tsare na gani da wuri.

Masu adawa a cikinmu suna cewa ai muna zuwa MCPDP, wato kwas ɗin ƙarin ilimi na dole, kafin mu sabunta lasisi, wannan bai isa ba? Don Allah wanda asibitinsu ke da irin wannan malamar ya faɗa min gaskiya, tana da amfanin da ya kai a rasa hannu guda a duti?

Ungozoma daga Gombe

Wa alaikumus salam Sista. Ni dai na gani, kuma in aka ce yau za a mayar da tamu malamar rosta ni ce ta farko da zan je ofis na roƙa a bar ta.

Bari na ba ki misali da abin da na fi sani, ɗakin haihuwa. Kafin a ba mu ita kowa a cikinmu ya san sunan magnesiyam salfet, kowa ya rubuta shi a jarrabawa ya ci, amma in aka shigo da mace tana jijjiga ƙarfe biyun dare sai ki ga ana kallon kallo ana jiran likita, don tsoron maganin ake, an ji ana cewa yana tsayar da numfashi. Ita kuma ba lacca ta tara mu ta yi ba, sirinji ta ɗauko da kwalbar da ta ƙare ta cika da ruwa ta ce kowa sai ya haɗa a gabanta. Giram 4 ta jijiya a hankali, wato mil 8 na mai ƙarfin 50% ki ƙara ruwan allura mil 12 ya zama mil 20, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, bayan nan giram 5 duk awa 4 ana sauya gefe, kuma kafin kowace allura sai kin buga gwiwa kin ga ta amsa, kin ƙirga numfashi bai gaza 16 a minti ba, kin duba fitsari bai gaza mil 30 a awa ba, ga kalsiyam gulukonet, wato makarinsa, a ajiye kusa ko da za a buƙata. Sai da ta sa na maimaita sau biyar a ranaku daban daban har hannuna ya daina rawa. Ta rubuta shi da manyan baƙi ta manna a bango saitin inda muke haɗa magani, ta haɗa akwati guda da komai na jijjiga a ciki kuma duk safiya sai ta buɗe ta ga ba a ɗauke wani abu ba.

Haka ta yi mana da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Tana da 'yar tsana da jakar hura iska, sai ta faɗo mana ba sanarwa lokacin da ɗaki ya ɗan lafa, ta ajiye 'yar tsanar ta ce ga jariri ba ya numfashi, ta kama agogo. Minti ɗayan farko ake so a ce kin goge shi, kin motsa shi, in bai amsa ba kin fara hura masa iska kuma ƙirjinsa yana ɗagawa. Ranar farko na fi minti biyu ina neman inda aka ajiye abin rufe hanci ɗan ƙarami, a nan muka gane ashe matsalarmu ma ba ta ilimi kaɗai ba ce, kayan ne ba su da mazauni. Minti 15 take ɗauka ba ta wuce haka, ba alawus ba lemo ba satifiket, amma wlh abin da na samu a waɗannan mintocin ban same shi a wokshop na kwana uku a otal ba.

Kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne. Akwai babban binciken nan na E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa da aka fitar da sakamakonsa a 2023, an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba, leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace a ga yawan jinin da ya zuba a maimakon kintace da ido, da ya kai mil 500 sai a haɗa komai lokaci guda, murza mahaifa, alluran tsayar da jini oksitosin da tiranekzamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, a kira na gaba in abin ya ƙi. Munanan sakamako suka ragu da kashi 60 cikin 100. Abin da mutane ke mantawa shi ne an haɗa da atisaye a cikin asibitin da kuma waɗanda aka ɗora wa alhakin bibiya a gurin, ba leda aka raba aka tafi ba. To wannan bibiyar ita ce aikin da ake so a ba sistarku.

Nas Namiji

Sista 'Yar Wunti ki yi haƙuri ni zan zo ta ɗaya ɓangaren, ba don ina ƙin ilimi ba. Shekarata 11 ina wannan aiki, yawanci a sashen gaggawa, kuma abin da yake kashe mu ba rashin sani ba ne, rashin hannu ne. Na san ya kamata na auna hawan jini da zafin jiki duk awa huɗu, na san ya kamata a juya mara lafiyar da ba ya motsi duk awa biyu kar bayansa ya yi gyambo, ba wanda zai koya min wannan, amma ni kaɗai da mutum ashirin ta yaya? Abokan karatuna nawa suka tafi Ingila da Saudiyya, kin dai tuna rigimar da aka yi a farkon 2024 da NMCN, hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma, ta fito da ƙa'idar sai ka yi shekara biyu kana aiki kafin a tantance maka takardun neman aiki a waje, har nas nas suka fita zanga zanga, duk saboda yawan masu fita ne. A irin wannan hali a ɗauke mafi ƙwarewa a cikinku?

Na biyu kuma na taɓa aiki a inda aka buɗe irin wannan ofis. Wadda aka ba ba don ta iya koyarwa aka ba ta ba, an dai ga ta kusa ritaya ƙafa na ciwo aka ce ta je ta huta. Duk wokshop da ya taso a Abuja ko Kaduna sunanta ne a sama, ta dawo a ce za ta sauke mana abin da ta koyo, har na bar gurin ban ga an sauke ba, sai takardar sa hannu da ake zagayawa da ita a nuna wa masu ba da tallafi. Abin yana min ciwo har yau don yaran da aka ɗauka a lokacin haka suka tashi ba mai nuna musu. In haka za a yi muku gara ta zauna a duti ko ba komai marasa lafiya za su amfana da hannunta.

Tsohuwar Metiron

'Ya'yana sannunku da ƙoƙari, jikata ce take karanta min wannan zaure wani lokaci, yau na ce ta ba ni wayar da kaina.

Ɗana Nas Namiji, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, na ga irinsa, amma abin da ka ba da labari ba malamar jinya ba ce, kujera ce aka ba mutum. Kar mu yar da abu mai kyau don wani ya ɓata shi. Lokacin da muke ɗalibai malamarmu har wod take biyo mu, ta tsaya a bayanki kina wanke ciwo, in kika taɓa abin da bai kamata ba da safar hannu sai ta ce a sake daga farko, kuma bayan mun fara aiki sistocin da muka tarar suna da sukunin da za su ja ki a jiki. Yanzu wannan sukunin babu shi, kai da kanka ka faɗa, manyan sun tafi, waɗanda suka rage gudu suke daga gado zuwa gado. To in kowa gudu yake wa zai tsaya da yarinyar da ta fito makaranta jiya? Ƙarancin hannun da kake kuka da shi shi ne ma babban dalilin da ya sa dole a ware mutum guda a ce wannan ne aikinsa, in ba haka ba koyarwa ta zama aikin kowa, kuma ka san yadda aikin kowa yake ƙarewa a asibiti.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ran ma'aikatan kansu. Mu a Bauchi duk rani sai zazzaɓin Lassa ya zagayo, muna cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa tare da Ondo da Edo. Cutar nan tun ranar da aka gano ta a 1969 a garin Lassa na Borno da nas ta fara, ma'aikaciyar jinya ce 'yar mishan ta kamu aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Mara lafiya ba ya zuwa da tambari a goshi, zazzaɓi ne kamar na cizon sauro, sai an yi kwana da kwanaki ana ba da maganin maleriya ba sauƙi sannan hankali ya dawo, kafin nan mutum nawa suka taɓa jininsa da amansa? Na sha tambayar ma'aikata yadda ake haɗa ruwan kulorin na goge jini da ƙasa, sai a ce min ai ana zubawa ne har ya yi wari. Ba haka ba ne. In Jik ɗin da ke hannunka an rubuta 3.5% a jikinsa, awo ɗaya ne da ruwa awo shida ya ba ka 0.5%, kuma kullum ake haɗa sabo don yana sanyi in ya kwana. Cire rigar kariya ma ya fi sa ta haɗari, a gurin cirewa ake shafo cutar, wannan kuwa ba a koyonsa da karatu sai an sa an cire ana kallonka ana gyara maka. Waye zai yi haka da masu shara da masu tura gado da masu wanki, waɗanda ba sa zuwa MCPDP ba kuma a kiransu wokshop?

'Yata 'Yar Wunti in za ku yarda ku yarda da sharaɗi. Kar a ba ta ikon rubuta wa kowa takardar tuhuma ko sa hannu a ƙarin girma, ranar da ta zama mai kai ƙara ranar za a daina faɗa mata gaskiya, yarinyar nan da kika ce idonta ya ciko wadda za ta iya zuwa gurinta a ɓoye take buƙata. Kuma lallai ta riƙa leƙo dare ko sau ɗaya a sati, don kurakurai sun fi yawa a lokacin da manya suke gida. A zaɓi mai haƙuri, ba lallai wadda ta fi kowa girma ba, akwai gwanaye da hannunsu ya iya amma bakinsu kaifi ne da shi, irin waɗannan korar yara suke.

Sabon Ɗauka

Mama Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, kamar kin san halin da nake ciki. Ni watana 8 da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a kudancin Gombe, satina na biyu aka bar ni ni kaɗai da dare. Da damina aka kawo wani manomi kububuwa ta sare shi a ƙafa, na tuna a makaranta an ce a ɗebi jini a ajiye minti 20 a ga ko zai daskare, sai na zuba a robar da muke ɗiban jini na ajiye. Washegari da nake ba wani babban yayanmu da ya taɓa aiki a asibitin masu saran maciji na Kaltungo labari ta waya sai ya ce min kai, gwajin nan sai a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya wadda ba a wanke da omo ba, kuma ba a girgiza ta ba a taɓa ta har lokacin ya cika, roba tana iya ba ka amsar da ba ita ba. Mutumin dai mun tura shi gaba tun da asuba kuma ya tashi alhamdulillah, amma na kwana biyu ban yi barci mai kyau ba.

Haka allurar atesunet ta maleriya mai tsanani, na san miligiram 2.4 ne a kowane kilo, ban san yaron da bai kai kilo 20 ba 3 ake ba shi ba sai da na gani a wani guruf na WhatsApp, ku duba fa, a WhatsApp nake koyon abin da ran yaro ya rataya a kai, kuma a guruf ɗin ma wani ya faɗi daidai wani ya faɗi son ransa ba ka san wa za ka bi ba. Yaya Nas Namiji na fahimce ka sarai amma ku da kuka daɗe kun manta yadda farkon yake. Abokina da muka gama tare ya ajiye aikin ya koma sayar da magani a kemis, ba albashi ne ya kore shi ba, tsoro ne, ya ce ba zai iya ɗaukar alhakin rai ba alhali ba mai nuna masa. Mu ko wadda za ta riƙa zagayo asibitoci uku ko huɗu na ƙaramar hukuma sau ɗaya a wata aka ba mu mun gode.

Nas Namiji

Ƙanina ban manta ba, maganarka ta taɓa ni, ni ma na yi irin wannan daren. Mama na karɓi gyara. Amma har yanzu ina nan a kan batun hannu, me zai hana a raba, kwana uku tana koyarwa kwana biyu tana duti, ko ba komai hannunta ba zai yi sanyi ba kuma abokan aiki ba za su ce ta gudu daga wahala ba.

Ungozoma daga Gombe

Malam da haka muka fara, bai yi ba. Duk ranar da wata ta yi rashin lafiya ko ta tafi hutun haihuwa ko rasuwa ta faru sai a ce sista ki rufe mana yau kawai, yau kawai yau kawai har aka yi wata biyu ba a yi atisaye ko ɗaya ba, don rosta ba ta ƙoshi, duk abin da ka ba ta sai ta cinye. Sai da aka cire sunanta ƙaf sannan abin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma batun hannu ya yi sanyi bai taso ba tunda ba a ofis take koyarwar ba, a bakin gado take, in tana nuna wa yarinya sa kanula, wato allurar robar da ake bari a jijiya, ai mara lafiya na gaske ake sa wa, in wod ya rikice tana gurin ba za ta naɗe hannu ba. Bambancin kawai ba a lissafa ta a cikin masu duti, saboda haka tana iya tsayawa minti 30 a kan mutum ɗaya ba wanda zai kira ta.

Abu ɗaya da zan yarda da kai, a sa mata ma'auni. Tamu tana da littafi, sunan kowa da abin da aka gwada shi a kai da ranar, duk wata uku takan kawo a gaban kowa a ga wa ya rage. In wata shida suka wuce littafi fari fat to kai ne mai gaskiya, a mayar da ita duti.

'Yar Wunti

Na gode ƙwarai, Mama Allah Ya saka da alheri Ya ba mu albarkacinku. Na kwafe sharuɗɗan nan a takarda, ba ikon tuhuma, leƙo dare, a haɗa da masu shara da masu tura gado, littafin bibiya, sannan a gwada na wata shida a zauna a duba. Ranar Laraba ne mitin ɗin kuma zan nemi a fara da injinan oksijin ɗin nan da lissafin ɗigon ruwa, jiya ma na zauna da ƙanwar tamu bayan handoba, wato miƙa aiki, muka yi na mil 500 a awa 4 da layin da ke ba da ɗigo 20 a mil, ta samu 42 da kanta, ta ce na ƙara mata wani gobe. Damuwar da ta rage min ita ce daren da za mu rasa jijiya ba sistar a kusa, zan roƙa kafin a cire ta a ba ta wata guda ta zauna da mu 'yan nait a kan sa kanula tukuna.

Sista ta Gombe don Allah 'yar tsanar nan da jakar hura iska asibiti ne ya saya muku ko gudummawa aka ba ku? In akwai hoton shafi ɗaya na littafin malamarku, a rufe sunayen mutane, ki turo min ta inbok kafin Laraba na nuna wa shugabarmu.